Tarin Fuka na Ƙashin Baya: Yadda Ake Jiyyarsa Ba Tare da Tiyata Ba

Ciwon baya ba baƙo ba ne a ƙasar manoma. Daga Funtuwa zuwa Bakori, Danja, Kafur da Malumfashi, duk wanda ya yi huɗa, ya sunkuya ya yi noman firi da maimai, ya kuma ciccibi buhun masara a lokacin kaka, ya san yadda gadon baya yake yi da maraice. Irin wannan ciwo na kwana biyu ne: a huta, a gasa wurin da ruwan zafi, sai ya wuce. Amma akwai wani ciwon baya wanda hutu ba ya kawar da shi. Yakan zauna a wuri ɗaya, har mai shi ya iya ɗora yatsa ya ce "nan ne". Yakan tsananta da dare. Mako ya bi mako, wata ya bi wata, mutum yana ramewa, abinci ya fita ransa, zazzaɓi mara ƙarfi yana zuwa da yamma, da dare kuma zufa ta jiƙa shimfiɗa. Idan alamu suka haɗu haka, abu na farko da ya kamata a bincika shi ne tarin fuka da ya sauka a ƙashin baya, ko da mutumin bai taɓa yin tari ba.

Mun rubuta wannan bayani domin 'yan'uwa da ke ikkilisiyoyinmu na karkara, musamman fastoci, dattawa da shugabannin zumuntar mata, gama su ne akan fara kira sa'ad da ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a gida. Abin da muke so a riƙe shi ne, idan an gano cutar da wuri, tun ba ta taɓa ƙafafu ba, yawancin masu ita suna warkewa da ƙwayoyin magani kaɗai, ba sai an yanka su ba. Maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Wahalarsa tsawon lokaci ce: shekara guda cur, wato damina ɗaya, kaka ɗaya, rani ɗaya, ba fashi.

Yadda tari yake zama ciwon ƙashi

Sunan "tarin fuka" yana ruɗa mutane, domin yana sa a zaci cutar ba ta wuce ƙirji. Ƙwayar da ke kawo ta, wadda wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch ya bayyana wa duniya ranar 24 ga Maris 1882, tana shiga jiki ta numfashi, sa'ad da mai tarin huhu ya yi tari ko atishawa a kusa da mutum. Daga huhu takan bi jini ta tafi wasu sassa, ta kwanta shiru shekaru da yawa. Ranar da ƙarfin jiki ya ragu, saboda yunwa, ko ciwon suga, ko cuta mai karya garkuwar jiki, ko tsufa, sai ta farka. Akwai kuma 'yar'uwarta da ke kama shanu, wadda mutum ke iya ɗauka ta ɗanyen nonon da ba a tafasa ba.

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne. Gaɓoɓi ne a jere, ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, da faifan guringuntsi tsakanin kowane biyu. Ta tsakiyarsu laka ta ratsa, wato babbar jijiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa, wadda take kai saƙo ga ƙafafu da mafitsara da hanji. Ƙwayar tarin fuka ta fi son gaban gaɓar, inda jini ya fi yawa, kuma ta fi kama ƙasan bayan ƙirji da saman ƙugu. Tana cin ƙashin a hankali kamar yadda gara ke cin azara: daga waje ɗaki yana tsaye, ciki kuwa ya zama gari. In gaban gaɓa ya rushe, sai bayan ya lanƙwashe, wani ƙashi ya turo waje kamar gwiwar yatsa. Mafarin ƙusumbi ke nan. Mugunya kuma takan taru a gefen ƙashin. Wani lokaci ta gangara ta cikin tsoka ta fito a matsematsi ko a cinya kamar ƙurji, amma ƙurji mara zafi, mara ja. In mugunyar ko rusasshen ƙashin ya danne laka, ƙafafu su fara nauyi, daga baya su shanye.

Cutar tsohuwa ce ƙwarai, an ga alamunta a gawarwakin mutanen Masar na dā. Wani likitan fiɗa na birnin Landan, Percivall Pott, ya yi bayaninta a 1779, shi ya sa za a ga likitoci suna rubuta sunansa a katin asibiti. Kusan rabin dukan tarin fukan da ke kama ƙashi a baya yake sauka. Najeriya kuwa ita ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya kai kusan mutum rabin miliyan a shekara, don haka babu mamaki a sami irin wannan ciwo a ƙauyukanmu.

Wanne ake kira mai sauƙi

A bakin likitoci, "mai sauƙi" ba ya nufin ciwon ba ya da zafi. Yana nufin cutar ta kama gaɓa ɗaya ko biyu, ƙashin bai rushe sosai ba, bayan bai lanƙwashe ba ko ya lanƙwashe kaɗan, ƙafafu suna da ƙarfinsu, mutum yana riƙe fitsari da bayan gida yadda ya saba. Mai irin wannan shi ne wannan bayani ya shafa. Likita ne yake yanke wannan hukunci bayan ya gwada ƙarfin ƙafafu ya kuma duba hoto. Ba a yanke shi a gida.

Inda aka koyi cewa magani kaɗai ya isa

Wannan sashe na tarihi ya cancanci a sani, domin wani ɓangarensa a ƙasarmu ya faru. Kafin a sami magani, abin da ake yi wa mai wannan ciwo shi ne a kwantar da shi a kan gado ko cikin kwamin filasta, shekara ɗaya, biyu, har uku, ana ba shi abinci da iska mai kyau, ana jiran abin da zai faru. Da yawa sun mutu, da yawa sun tashi da doro. An gano istireftomaisin a 1943, aka fara amfani da isoniyazid a 1952, rifamfisin kuma ya shigo a shekarun 1960. Amma ko bayan zuwan magani, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne sai an haɗa da doguwar kwanciya ko tiyata.

A asibitin koyarwa na Ibadan, inda masu ciwon suka fi gadaje yawa, wani likitan fiɗa mai suna Konstam ya riƙa ba marasa lafiya ƙwayoyi su tafi gida, suna tafiya da ƙafafunsu, suna dawowa a duba su. Ya buga sakamakon aikin a 1958 da 1962, ya nuna mafi yawansu sun warke. Wannan ya ba likitocin duniya mamaki, har Majalisar Binciken Lafiya ta Ingila ta shirya gwaje-gwaje na shekaru masu yawa a ƙasashe dabam dabam domin a tabbatar. A garin Masan na Koriya an kwantar da wasu yara watanni 6 a asibiti, wasu kuma aka bar su suna shan magani daga gida, sakamakon bai bambanta ba. A Pusan an sa wa wasu rigar filasta watanni 9, wasu ba a sa musu ba, nan ma rigar ba ta ƙara kome ba. A Bulawayo, cikin Zimbabuwe ta yau, an gwada yanka a kwashe ruɓaɓɓen nama da mugunya, aka tarar bai fi magani kaɗai da wani abin kirki ba. A Madaras ta Indiya an nuna cewa isoniyazid da rifamfisin na watanni 6 ko 9, mutum yana gida, suna warkar da mafi yawan masu cutar. A Honkon ne aka ga amfanin babbar tiyata, inda ake cire ruɓaɓɓen ƙashi a dasa wani: ƙashin yakan haɗe da wuri, lanƙwasar kuma ba ta yawa. A 1975 wani likitan ƙashi na Indiya, Tuli, ya tsara abin da ya kira hanyar tsakiya: a fara da magani ga kowa, a sa ido sosai, a ajiye wuƙa domin waɗanda suka nuna alamun suna bukatarta. Bisa wannan hanya ake tafiya har yau.

Darasin da ke ciki a gare mu a fili yake. Abin da ke kashe ƙwayar cutar magani ne. Kwanciya da riga da gashi mataimaka ne kawai.

Gwaji da inda za a nufa

Wurin farawa shi ne babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, ko asibitin ƙaramar hukuma mafi kusa da ke da sashen tarin fuka, wanda ake kira cibiyar DOTS. Waɗannan cibiyoyi suna ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta, wanda makarantarsa ta horar da ma'aikata take Saye, kusa da Zariya. Akwai lambar waya ta kyauta, 3340, da ake kira domin a tambayi cibiya mafi kusa.

Za a ɗauki hoton baya da na ƙirji. In akwai tari, za a gwada kaki da na'urar GeneXpert, wadda take nuna ƙwayar cutar, ta kuma nuna ko tana jin rifamfisin ko ba ta ji. In akwai mugunya, akan zuƙo ta da allura a sa a wannan na'ura. Za a kuma gwada jini domin cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon suga. Kada kowa ya ɗauki wannan a matsayin zargi, ka'ida ce ga duk mai tarin fuka, gama sanin amsar yana canza yadda za a tsara magani.

A lura da abu ɗaya. Hoto na yau da kullum ba ya nuna cutar a farkonta, sai ta ci ƙashi da ɗan yawa. Don haka in an ce hoto lafiya lau amma ciwo da rama suna ci gaba, a koma. Hoton MRI shi ne ke nuna ta da wuri, ya kuma nuna ko laka tana cikin hatsari. Domin irin wannan bincike akan tura mutum asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, ko asibitin koyarwa na tarayya a Katsina. Magani da gwajin kaki kyauta ne, amma hoto da kuɗin mota daga aljihu suke fita, kuma a nan ne iyalai da yawa suke tsayawa. Binciken yana da muhimmanci, domin akwai wasu cututtuka da ke kama da wannan, kamar ciwon daji da ya bazu zuwa ƙashi, da wata cutar dabbobi da ita ma ake ɗauka ta ɗanyen nono, kowace da nata magani.

Maganin kansa

Tsarin da ake bi a Najeriya domin tarin fuka na ƙashin baya watanni 12 ne. A watanni 2 na farko ana shan magunguna huɗu: rifamfisin, isoniyazid, pirazinamaid da etambutol, galibi an haɗa su cikin ƙwaya ɗaya. A watanni 10 da suka rage ana ci gaba da biyu na farko. Tarin huhu watanni 6 ake yi masa, saboda haka kada mai ciwon baya ya ga maƙwabcinsa ya gama a wata shida ya ce shi ma ya isa. Yawan ƙwayoyin bisa nauyin mutum yake, shi ya sa ake ɗora shi a sikeli duk sa'ad da ya je karɓar magani. In ya ƙara nauyi, ana iya ƙara masa ƙwaya. Akan sha da safe da ruwa, kafin karin kumallo, kowace rana a lokaci ɗaya. Cibiyar za ta nemi a ba ta sunan wani a gida ko a unguwa da zai riƙa ganin an haɗiye maganin yana sa alama a kati. A zaɓi mutum mai naci, wanda ba ya jin nauyin mara lafiyar.

Cikin makonni kaɗan zazzaɓi yakan sauka, cin abinci ya dawo, ciwo ya fara raguwa. Zuwa wata na uku mutum yana jin kamar ya warke. A nan ne hatsari mafi girma yake, kuma mun gani da idonmu. Wani ɗan'uwa manomi da muka sani ya fara magani a watan Fabrairu, ya samu sauƙi sosai, har ya ba da shaida a sujada. Da ruwan farko ya sauka sai ya ce ba zai bar gona ya riƙa zuwa layin asibiti ba. Ya daina sha, ya koma huɗa. Kafin a yanke dawa ba ya iya tashi daga tabarma sai an ɗaga shi. An sake fara masa magani, ya kuma tashi, amma da sanda, da doro a bayansa wanda da farko ba shi da shi. Ƙwayar cutar ba ta mutuwa gaba ɗaya. Masu rauninta ne ke fara mutuwa, masu taurin kai suna ɓoye cikin ƙashi, su ne watanni goman nan suke bi. Wanda ya riƙa sha yana bari yana iya haifar wa kansa nau'in da ba ya jin magani, jiyyarsa kuwa ta fi wuya, ta fi illa, sai a cibiyoyi na musamman.

Ga abin da mai sha zai iya gani. Rifamfisin yana rina fitsari, zufa da hawaye su zama ja-ja kamar ruwan goro. Wannan ba jini ba ne, ba abin tsoro ba ne. Isoniyazid yana iya sa tafin ƙafa ya riƙa zafi ko ya yi kamar ana tsira allura, domin haka ake haɗa shi da bitamin B6, musamman ga masu ciki, masu shayarwa, masu suga da masu cuta mai karya garkuwar jiki. Pirazinamaid yakan kawo ciwon gaɓoɓi. Amma akwai alamun da in an gani sai a tafi asibiti a ranar: idanu su yi rawaya irin na shawara, amai ya ƙi tsayawa, gani ya dushe ko launuka su rikice, ko fata ta yi ƙuraje tana saɓulewa. Uku daga cikin magungunan nan ta hanta suke bi, saboda haka giya da burkutu ba su da wuri a wannan shekara, haka ma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Ga mata akwai magana biyu. Rifamfisin yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar da ake sa wa a hannu, don haka a gaya wa ma'aikaciyar asibiti ta ba da wata hanya. Mace mai ciki kuwa tana iya shan waɗannan magunguna huɗu, mai shayarwa ma ta ci gaba da ba da nono. Barin cutar ba magani shi ne ya fi cutar da uwa da ɗa. Wanda yake shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki kada ya daina, amma lalle sassan biyu su san da juna, gama akan gyara yawan wasu ƙwayoyin.

Tafiya ma tana katse magani. Samari suna tafiya cin rani Kano ko Abuja ko Legas, wasu iyalai kuma a yankunan Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara rashin tsaro ya sha tashinsu daga gidajensu ba shiri. Katin magani ya zauna tare da takardun da za a fara ɗauka in an tashi. Da katin, kowace cibiyar DOTS a ƙasar nan za ta iya ci gaba daga inda aka tsaya. Wanda ya san zai yi tafiya ya nemi takardar canjin wuri tun kafin ya tashi.

Kwanciya, riga da aikin gona

A makonnin farko, sa'ad da ciwo yake da tsanani, likita yakan ce a kwanta. A kwanta a wuri mai tauri da ya miƙe, katifar da ta lotsa a tsakiya ba ta dace ba. In za a juya, kafaɗa da ƙugu su juya tare kamar gungume. Amma kwanciya ta wata da watanni ba dalili tana da nata lahani: tsoka ta zube, gyambon kwanciya ya fito, jini ya daskare a ƙafa. Da zarar ciwo ya lafa kuma likita ya yarda, a fara zama, a fara takawa a tsakar gida, ana ƙarawa kaɗan kaɗan. Masu gashi na asibiti suna koyar da motsa jikin da ya dace, su ne kuma ke auna rigar tallafin baya in likita ya rubuta. Rigar tana rage ciwo, tana tuna wa mutum kada ya sunkuya, amma ba ta miƙar da ƙashin da ya rushe. In cutar a wuya take, maganar dabam ce: abin tallafin wuya wajibi ne, kuma likitan ƙashi ne zai bi ta kusa da kusa.

Abin da ya fi wuya a ƙasarmu shi ne hana aiki. Ƙashin da gara ta ci ba ya ɗaukar buhu. A watannin farko babu huɗa, babu noma da fartanya, babu ɗaukar taki ko dami. Ga mace babu daka, babu surfe, babu ɗaukar ruwa ko itace a ka, babu goyo. Hawan babur a kan hanya mai gargada, irin hanyoyin ƙauyukanmu da damina, yana jijjiga wurin ciwon, in da hali a nemi mota. Tsuguno a masai ma wahala ne, kafinta na iya huda kujera a ɗora bisa ramin. Ranar komawa aiki mai nauyi likita ne zai faɗa, bayan ya ga hoto ya nuna ƙashin ya fara haɗewa. A sani kuma, a watannin farko hoto yana iya nuna kamar ɓarnar ta ƙaru alhali mutum yana samun sauƙi, domin ƙashi ya fi jiki jinkirin nuna warkewa.

Faɗa wa manomi ya zauna da damina ba tare da an yi masa tanadin gonarsa ba, magana ce kawai. A ganinmu nan ne ikkilisiya ta fi amfani. Gayya al'adarmu ce tun kaka da kakanni: matasa su ba da safiya biyu ko uku a shuka, a nome, a girbe, mata su karɓi daka da ɗiban ruwa bi da bi. Kuɗin motar zuwa karɓar magani ma ƙaramin abu ne in an raba shi.

Abinci kuma yana cikin jiyya. Ba sai an sayi wani abu mai tsada ba. Wake, waken soya da awararsa, gyaɗa, ƙwai, kifi, zogale, tafasasshen nono, duk muna da su. Sau da yawa ana kai waken soya kasuwa gaba ɗaya a bar mara lafiya da tuwo da miyar kuka zalla. A ajiye masa rabonsa.

Mugunyar da ta taru a gefen ƙashi takan bushe da kanta in magani ya kama. In tana da yawa ko tana damu, likita na iya zuƙe ta da allura yana kallon hoto, wannan ba tiyata ba ce.

Abubuwan da ke ɓata jiyya

Masu ɗori suna da sana'arsu, amma wannan ba karaya ba ce kuma ba gocewa ba ce. Danna ƙashin da ya turo, ko taka baya, ko jan mutum domin a miƙar da shi, na iya rusa gaɓar da ta riga ta ruɓe a kan laka, mutum ya shanye nan take. Yin sakiya ko tsaga a ƙurjin da ya fito a matsematsi yakan bar rami mai zubar da ruwa wata da watanni, ya kuma shigar da wasu cututtuka. Ƙaho ba ya zuƙo wannan ciwo.

Kantin magani ma yana da nasa hatsari. Gaurayen ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda sukan ƙunshi irin su deksametason ko firednisolon, waɗanda suke kwantar da ciwo na ɗan lokaci amma suna raunana garkuwar jiki, cutar ta sami fili. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su sifrofuloksasin, suna ɗan taɓa ƙwayar tarin fuka, su kawo sauƙi na ƙarya, su jinkirta ganowa. Maganin rage ciwo yana da amfani, amma likita ya rubuta shi.

Dole mu yi magana a kan namu gidan. Mun ji inda aka ce wa mara lafiya ya zubar da ƙwayoyinsa domin ya nuna bangaskiya, ko aka ce ƙusumbinsa jifa ne ko la'anar gida. Muna addu'a domin marasa lafiya, za mu kuma ci gaba, amma babu mai wa'azin da yake da ikon dakatar da maganin da likita ya rubuta. Wanda ya ba da shaidar samun sauƙi a wata na uku, a yi murna tare da shi, a kuma tambaye shi katinsa. Lokacin azumin ikkilisiya, mai wannan ciwo ya sha maganinsa ya ci abincinsa.

Alamun da ba a kwana da su

Jiyya ba tare da tiyata ba tana tafiya ne da sharaɗin ana sa ido. Mutanen gida su riƙa lura da tafiyar mara lafiya kowace rana. In ƙafa ta fara nauyi ko ja da ƙasa, takalmi yana fita bai sani ba, in ya ji ƙafafunsa sun mutu ko kamar an ɗaure masa ciki da igiya, in fitsari ya ƙi fita ko yana zuba bai sani ba, in doron yana ƙaruwa, ko makonni sun wuce ana shan magani daidai amma ciwo da zazzaɓi ba su ragu ba, a kai shi asibiti ba jira, a kwance, ba a zaune a bayan babur ba. Wasu daga cikin masu rauni kaɗan a ƙafa suna farfaɗowa da magani da kwanciya a asibiti, wasu kuma sai an buɗe an sauke abin da ya danne laka. Shanyewar da wannan cuta ke kawowa takan warke in an kama ta da wuri, fiye da wadda hatsarin mota ke kawowa. Jinkiri ne ke mai da ita ta dindindin. Ko an yi tiyata, maganin shekara guda yana nan.

Zama da mai ciwon

Tarin fuka da ya tsaya a ƙashin baya kaɗai ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Yana yaɗuwa ne in huhu ma ya kamu, shi ya sa ake ɗaukar hoton ƙirji. Ko a hakan, bayan makonni kaɗan na shan magani daidai hatsarin yakan ragu ƙwarai. Ba a ɗaukar cutar ta kwano, ko moɗa, ko gaisuwa, ko zama a benci ɗaya a majami'a, saboda haka babu dalilin ware wa mutum ɗaki a bayan gida. Abin da ya fi amfani shi ne a tambaya: daga wa ya ɗauka? Sau da yawa akwai wani tsoho ko tsohuwa a gidan da ya daɗe yana tari ana cewa sanyi ne. Duk mai tarin da ya kai mako biyu a gwada shi. In an sami mai tarin huhu a gida, cibiyar tana ba 'yan ƙasa da shekara 5 da masu raunin garkuwar jiki maganin rigakafi.

Bayan watanni 12, likita ne yake sallama, bayan ya duba jiki da hoto. Lanƙwasar da ta riga ta faru ba ta komawa, amma ga babban mutum yawanci takan tsaya inda take da zarar ƙashin ya haɗe, kuma ba alama ce ta cewa cutar tana nan ba. Yara dabam suke. Bayansu yana kan girma, don haka doron yana iya ƙaruwa shekaru bayan an kashe ƙwayar cutar, musamman ga waɗanda suka kamu suna ƙasa da shekara 10. Yaron da ya yi wannan ciwo a riƙa kai shi wurin likitan ƙashi ana duba shi lokaci lokaci har ya gama tsawo, a kuma adana tsofaffin hotunansa a wuri mara laima, domin da su ake kwatanta sababbi.